Sunan Kaka a Jikin Kwalba

A Doha, a ɗakinmu na unguwar Farij Abdul'aziz aka yi zaman makokin Baffa, wan mahaifina, in har za a kira abin da muka yi zama. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, sai muka jingine katifu a bango muka shimfiɗa darduma a tsakiya. Masu gaisuwa da kayan aiki suke shigowa, direbobi da masu gadi irina, wani bai gama cire takalmi ba motar kamfani ta fara danna masa hon a waje. A yi addu'a, a shafa, a ce Allah Ya ba mu haƙuri, a fita. Da a Kano ne, da an toshe layi da tabarmi saboda mutum irinsa. A Doha kuwa kowa ya ba shi ɗan abin da ya rage tsakanin duti da duti, kuma ban ga laifin kowa ba.

Abin da ya ƙona min rai daban ne. Kusan duk wanda ya durƙusa gabana magana ɗaya yake kawowa, kamar sun haɗa baki a mota: wai Baffa ya tafi kotun da ba a cewa ba ta da hurumi. Da na ji daga bakin na farko na gyaɗa kai, don gaskiya ce. Kafin la'asar maganar ta ishe ni. Waɗannan bakunan ne dai suka yi shekaru suna kiransa Alhaji Hurumi a bayan idonsa, suna tambayarsa a wajen shan shayi ko yau wace kotu ce ta sallame shi. Yanzu sun juya tsokanarsu ta zama ta'aziyya, suna jira in ce na gode.

Mutum ɗaya ne bai faɗi haka ba, wani mutumin Kumasi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda gadonsa ke saman na Baffa. Ya zauna a bakin ƙofa da hular Baffa a hannu, yana kai ta hanci yana saukewa, bai kula kowa ba. Da limaminmu ya ce likita ya ce zuciya ce ta tsaya, sai ya ɗago kai.

"Malam, ba zuciya ba ne. Tsohon nan, yawon kotu ne ya kashe shi."

Liman ya ce masa ya yi istigfari, ajali ne. Ya yi istigfarin, amma bai janye maganar ba.

Daga gida, Gwaggo, ƙanwarsu, ta kira tana kuka har ba na gane abin da take cewa. Mahaifina ya kira daga baya. Ya tambaya ko an binne shi, na ce an binne shi a maƙabartar Abu Hamur. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa ya ce Allah Ya jiƙansa, ya kashe waya. Shi da Baffa an yi shekaru rabonsu da magana.

Na zauna rubuta wannan ne don na ga in aka bar wa 'yan majalisar shayi, abin da zai saura na Baffa shi ne tsohon da ke yawo da kwalba a aljihu yana neman alƙali. Ya yi hakan, ba na musu. Amma ba shi ke nan ba, kuma ba taɓin hankali ne ya sa shi ba.

Kakanmu mai haɗa turare ne a Kasuwar Kurmi. Ba sarin na kwali yake yi ba, haɗawa yake da hannunsa, sandal da miski da kajiji da wasu abubuwan da bai taɓa lissafa wa kowa ba sai Baffa. Turaren ba shi da wani suna sai sunan mai shi. Haka mutane ke zuwa su ce a ba su na Malam wane, har aka zo aka buga sunan a 'yar farar takarda ana liƙawa a jikin kwalba. 'Ya'yansa maza biyu suka raba baiwarsa: Baffa ya ɗauki hancin, mahaifina ya ɗauki bakin. Mahaifina zai iya sayar maka da turare kana fama da mura. Baffa kuwa in ka taya kayansa sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Da Kaka ya rasu aka je gaban alƙali aka raba gado yadda addini ya ce. Aka ƙiyasta gida, aka ƙiyasta rumfa, har turmi da tulunan haɗi sai da aka yi musu ƙima. Rumfa ta faɗa wa mahaifina, Baffa ya karɓi kayan haɗi da ɓangaren gida. Babu wanda ya ce uffan a kan sunan. Wa zai ce? A wurinmu sunan uba ba kaya ba ne da za a ɗora a sikeli, kowa ɗansa ne, kowa na amsa shi. Duk abin da ya biyo baya daga wannan shirun ya fito.

Ga shi kuma Baffa irin mutanen da ne masu kunyar sunan mahaifi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ya furta shi ba. Malam yake cewa, turaren kuma na Malam. Ni da aka sa min sunan Kaka, Babana yake kirana, ko da faɗa zai yi min. In baƙo ya tambaye shi sunan turaren, sai ya juya kwalbar ya nuna masa rubutun da yatsa.

Da rayuwa ta yi tsanani a gida ya fito neman aiki, ya ƙare a Doha yana tuƙa wani dattijo Balarabe mai shagon itacen ƙamshi a unguwar Mushairib, shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da bizarsa ke hannunsa. Wata rana dattijon ya shiga mota ya ji ƙamshin da bai sani ba, shi da ya tsufa cikin ƙamshi. Ya tambaya, Baffa ya miƙa masa 'yar kwalba. Daga nan ya ba shi ɗakin bayan shago ya ce ya riƙa haɗawa. Baƙo ba ya buɗe kasuwanci da sunansa shi kaɗai a ƙasar, balle wanda katinsa ya ce direba ne, don haka komai da sunan kamfanin dattijon aka yi: lasisi, takardun fitar da kaya, har rajistar tambarin. Baffa bai ga komai a ciki ba. A faranti ɗaya suke cin abinci, dattijon na kiransa ɗan'uwa, kuma har ya kwanta ciwo bai taɓa cin amanarsa ba. Daga wannan ɗakin bayan ake aika kwalaye Kano, mahaifina na sayarwa a rumfar Kaka. Shekarun nan su ne na zaman lafiya, kuma a cikinsu Baffa ya nemo min bizar gadi ya ɗauko ni.

Ranar haɗi ba ya cin albasa, ba ya shan shayi mai citta, kuma ba ya yarda a yi masa magana. In ransa a ɓace yake sai ya ɗaga aikin zuwa gobe, ya ce mai fushi hannunsa na zuba abu fiye da kima. Yakan ɗiga a bayan hannu ya tafi sallar azahar, in ya dawo ya sake shinshinawa, abin da ya saura bayan alwala da zafin rana shi yake yi wa hukunci. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi mun ga ta kanmu. Ba ka isa ka shigo da safar da ka wuni da ita a takalmin aiki ba. Mutumin Kumasi ya taɓa sayo wani turaren fesawa mai arha don zuwa ɗaurin aure, Baffa ya ɗauke shi da yatsa biyu ya kai bayi ya ajiye kusa da tsintsiya, ya ce nan ne gidansu.

Amma wannan mutumin mai tsamin baki shi ake kira in Bahaushe ya mutu a Doha ba shi da kowa. Sai ya nemi izinin kafil, ya tafi wajen wankan gawa da kwalba a aljihu, ya tsaya har a sa likkafani, ya shafa da hannunsa. Bai taɓa tambayar ɗan ina ne ba, ɗan Sakkwato ne ko ɗan Zango. Akwai wani maigadi da ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki cikin tsananin zafi, wanda ko lambar gidansu ba a samu da wuri ba. Da muka dawo daga maƙabarta na ga Baffa yana ɗauraye kwalbar da ta ƙare, idanunsa jajur. Ya ce min uwar mamacin ba za ta taɓa sanin cewa da ƙamshi aka rufe ɗanta ba, amma shi ya sani.

Ɓarnar a matsayin tsaraba ta zo mana. Wani sabon direba ya sauka daga Kano, ya ji labarin ɗan mai turaren nan yana Doha, sai ya sayo kwalba a rumfar mahaifina don ya faranta masa. Kwalbar irin tamu ce, takardar irin tamu, ga sunan Kaka ɓaro-ɓaro. Baffa ya yi godiya ya buɗe. Bai ma kai hanci ba fuskarsa ta canza. Ya ɗiga a hannun farar rigarsa, wurin ya yi rawaya kamar an ɗisa miya. Ya ce wa baƙon ya sha ruwa, ya tashi ya fita, muka bi shi da ido.

Abin da ya faru ba wani ɓoyayye ba ne. Kwalayen Baffa ba sa isar masu saye, kuma tsada gare su. Wani dillali ya haɗa mahaifina da wata masana'anta a ƙetare mai cika kwalabe da ruwan sinadari, ta buga duk sunan da ka ba ta. Mahaifina ya ba ta sunan Kaka. Sannu a hankali labarai suka riƙa iso mana: limamin unguwarmu da ya shekara da shekaru yana hawa mumbari da turaren ya daina, wata mai jego wuyanta ya feso da ƙuraje, a kasuwa ana cewa gidan Malam wane ya fara ha'inci. Wannan ta ƙarshen ce ta hana Baffa cin abinci.

Ina wurin ya kira mahaifina, da katin waya da muka saya a kantin wani Ba'indiye. Ya ce masa ya sayar da duk ruwan da ya ga dama, amma ya cire sunan Malam a kai. Ban ji duk amsar ba, sai inda mahaifina ya ɗaga murya.

"Yaya, ni ma ubana ne. Kuma da wannan ruwan da kake rainawa ake cefane a gidanka da nawa."

Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa ta yi ciwo. Matar Baffa da 'ya'yansa a gidan gado suke, tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma abin da direba ke aikawa ba ya kai ta ƙarshen wata. Baffa ya ce daga yau ba zai sake aika ko ɗigo ba. Mahaifina ya ce ya huta. Ina tsaye a gefe da katin a hannu, ɗa ga wannan ɗa ga wancan, na rasa wanda zan ba haƙuri.

Abu ɗaya Baffa ke so, kuma har ya mutu bai ƙara komai a kai ba: alƙali ya buɗe baki ya ce a cire sunan Malam daga jikin jabu. Ba ya neman diyya, ba ya neman a ɗaure kowa. Ya ɗauka magana ce ta zama ɗaya.

Da ya samu hutu ya tafi gida, kai tsaye ya nufi kotun da ta raba musu gado, don a tunaninsa wanda ya raba gida shi zai raba suna. Alƙalin ya saurare shi da mutunci, sannan ya gaya masa cewa rigimar tambarin kaya ba ta cikin huruminsa, doka ta keɓe ta ga kotun tarayya, ko babbar kotun jiha ba ta taɓa ta. Ya ce abin da zai iya shi ne sulhu, in sun yarda. Gwaggo ta durƙusa ta roƙi Baffa ya yarda. Har mahaifina ya aiko cewa a ware, na hannun Baffa a ƙara masa wata alama, na masana'anta a bar shi yadda yake. Baffa ya ƙi. A nan kam na ga laifinsa, na kuma gaya masa da ya dawo. Ya ce in dai sunan na nan a jikin jabun, bai ga abin da aka sulhunta ba.

Da kalmar hurumi a bakinsa ya dawo Doha, ita ce ta zame masa laƙabi. Ya je ya ga wani lauya Basudane a nan, yana tunanin tunda a nan aka yi rajista, a nan za a yi shari'a. Lauyan ya tambaye shi ko ana sayar da jabun a Katar, ya ce a'a. Ya ce to kotun nan hannunta ba ya kai Kasuwar Kurmi, rajistar kowace ƙasa a bakin iyakarta take tsayawa, masana'antar kuma tana wata ƙasa ta uku mai nata kotunan. Ya ƙara da abin da Baffa bai so ji ba, cewa a takarda tambarin na kamfani ne, shi kuwa direban kamfani ne.

Saura kotun tarayya. Lauyan da ya ɗauka a Kano ya ce in ana son a tsaya a gabanta da ƙarfi sai an yi rajistar tambarin a gida, ya tambaya da sunan wa za a yi. Nan Baffa ya yi kuskuren da ya fi kowanne. Zai iya cewa da sunansa, ɗan ƙasa ne, babu mai hana shi. Amma ya yi lissafi irin namu: wa zai saurari direba? Kamfanin Larabawa kuwa, mai hatimi da takarda mai ruwan zinariya, ko magatakarda sai ya gyara zama. Ga shi takardun fitar da kaya duk da sunan kamfanin suke, lauya ya ce hakan ma ya fi sauƙin kafa hujja. Dattijon ya sa hannu yana dariya, ya ce in dai don ɗan'uwansa ne, khalas, an gama. Ran nan Baffa ya dawo ɗaki da naman rago ya ciyar da kowa.

Rajistar ta ɗauki shekaru. Cikin jiran ne ya zama wani irin masani. Yakan jera kofunan shayi a kan kwali, ya ce wannan ta gado ce, wannan ta ƙwadago, wannan ta tambari, ya nuna yadda kowacce ke tura ka wajen 'yar'uwarta. Ana dariya, amma masu dariyar nan in kamfani ya riƙe musu fasfo ko ya kore su ba dalili, wurinsa suke zuwa a ɓoye su tambayi ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ba ya tuna musu tsokanarsu. Sai ya gaya musu inda za su je da wanda za su nema, wani lokaci ma ya kai su da motar kafil.

Kafin rajistar ta fito dattijon ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, ɗansa ya karɓi kamfanin. Ɗan ba mugu ba ne a iya sanina. Kawai dai bai ga dalilin da zai sa kamfaninsa ya shiga shari'a a wata ƙasa a kan kwalbar direban babansa ba. Ƙarar kuwa ba ta shiga sai mai rajista ya ba da izini. Baffa ya yi ta zarya ofishinsa. Yau a ce yana taro, gobe a ce ya yi tafiya, in an gamu ya dafa kafaɗarsa ya ce insha Allah. Ko takardar izinin fita ƙasa, wadda ba ka hawa jirgi sai kafil ya sa mata hannu, sai da ta zama abin roƙo.

A lokacin ne muka yi faɗa mafi muni tsakanina da Baffa. Na dawo daga duti ƙafafuna sun kumbura, na tarar ya baje takardu a kan gadona yana so in sake karanta masa bayanin lauya na Turanci, wanda na riga na karanta masa har na haddace. Na ce masa Kaka ya mutu, yana kabarinsa, babu abin da kwalba za ta ƙara masa ko ta rage masa, kuma wanda yake son a ja gaban alƙali ubana ne. Ya tattara takardunsa a hankali.

"Babana, kai ma sunan nan kake amsawa. In ka ga bai kai a wahala a kansa ba, to ni ban san abin da zan ce maka ba."

Bai sake ba ni takarda ba sai da na nema da kaina. Ba ra'ayi na canza ba, tausayinsa ne ya kama ni, ganin yana bin 'yan ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana neman mai jin Turanci.

Ana nan aka fara maganar wata sabuwar kotu da aka buɗe cikin dogayen benayen unguwar Dafna, wai ta rigingimun kasuwanci tsakanin ƙasa da ƙasa ce, alƙalanta ma daga ƙasashe daban-daban aka ɗauko su. Wani direba ne ya kawo labarin majalisa, rabi da gaske rabi da tsokana. Baffa bai ji tsokanar ba. Ya ce ai tasa ce wannan: kaya an haɗa a ƙasa ɗaya, an kwaikwaya a ta biyu, ana sayarwa a ta uku, in ba ita ba wa zai ji? Ya sa aka goge masa babbar riga, abin da ban taɓa ganin ya sa a Doha ba sai da salla. Na yi musayar duti da wani na raka shi.

Wurin sanyi ƙalau, ƙasa na sheƙi, masu gadin ƙofa irina ne, har ɗaya ya gane ni muka gaisa da ido. Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu, ta kawo ruwa, ta saurari duk labarin ina fassarawa. Ta tambayi sunan tambarin. Na mayar wa Baffa tambayar don in ga ko yau zai faɗa, sai ya ciro kwalbar ya ajiye a kan teburin gilashi, ya juya mata rubutun. Ta kwafa harafi bayan harafi. Ta shiga ciki ta daɗe, sannan ta fito da wani mutum mai furfura, wanda ya yi mana bayani cikin ladabi cewa kotun ta kamfanonin da suka yi rajista a cibiyar kuɗin nan ce, da masu hulɗa da su. Kamfanin kafil ba ya ciki, mahaifina ba ya ciki, masana'antar ba ta ciki. Ya ce bai ji daɗi ba, kuma na ga alama da gaske yake.

Baffa bai jira fassara ba, ya riga ya karanta a fuskar mutumin. Ni ya juyo ya tambaya, ba shi ba.

"To Babana, in kowa ya ce ba nasa ba ne, na wane ne?"

Ban fassara ba. A cikin lif ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, a nan na lura rigar ta yi masa yawa.

Daga nan bai sake zuwa wata kotu ba. Ana ta rushe tsohuwar Mushairib a lokacin, layi bayan layi, shagon dattijon ma an ba shi wa'adi. Baffa ya kwaso tulunansa ya tura ƙarƙashin gado, ya koma tuƙi zalla, yana kai jikokin dattijon makaranta. Haɗi ya tsaya. 'Yan majalisa suka rage tsokana, don babu daɗin tsokanar wanda ba ya ramawa. Ranar da ya rasu ya sauke yaran, ya ajiye mota a inuwa, ya kashe inji, bai fito ba. Maigadin makarantar ne ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Ni da mutumin Kumasi muka tsaya a wankansa, muka shafa masa ragowar abin da ya haɗa da hannunsa.

Na ɗauka a nan maganar ta ƙare. Bayan sadakar arba'in na je ofishin ɗan kafil karɓar fasfo da sauran kayan Baffa. Ya yi min ta'aziyya, ya ce mutumin kirki ne, babansa ya yi kuka da aka gaya masa. A cikin hira, kamar abin da ba komai ba, ya ce tun da aka ba shagon wa'adi ya sayar da harkar turaren gaba ɗaya ga wani babban kamfani na wata ƙasar Larabawa, da duk tamburan da ke ƙarƙashinta. Na tambaya ko har da rajistar Najeriya. Ya duba min, ya ce har da ita. Ya ce masu sayen ma sun yi mamaki da suka ga akwai ta, sun kuma ji daɗi, don dama suna son shiga kasuwar can.

Su ba direbobi ba ne. Lauyoyinsu suka ɗauki rajistar da Baffa ya yi shekaru yana bi, suka shiga kotun tarayya da ita, kotun da ya mutu bai ga cikinta ba. Hurumi ya cika, mai ƙara ya cika, babu wanda ya tura su wata ƙofa. Damina ba ta wuce ba aka ba da oda. Gwaggo ce ta ba ni labari: ma'aikatan kotu da 'yan sanda suka zo rumfar Kaka da rana tsaka, kasuwa na kallo, suka kwashe duk kwalbar da ke ɗauke da sunan. Ba su bambanta ba. Har wasu tsofaffin kwalaben Baffa na gaske da mahaifina ya ɓoye a ƙasan kanta, waɗanda babu wanda ya san yana ajiye da su, suka tafi cikin buhu ɗaya da jabun. Odar ta hana mahaifina da duk wani na tare da shi sa sunan a kan kowane irin turare. Lauyan Baffa na Kano ya ce ko 'ya'yan Baffa ne suka haɗa na gaske suka liƙa sunan, ko ni, abin da zai same mu ke nan. Allon rumfar ma an ce sai an goge. Sabon kamfanin ya fara shigo da nasa cikin kwali mai ƙyalli, da sunan Kaka da haruffan zinariya. Wani da ya shinshina ya ce min ya fi jabun mahaifina, amma ba na Malam ba ne, ko kusa.

Mahaifina ya kira ni ranar da aka goge allon. Muryarsa ta tsufa. Ya ce da hannunsa ya shafa fentin, bai yarda wani ya yi ba. Ya tambaye ni ko maƙabartar na da nisa daga wurin aikina, na ce ana zuwa.

"To ka je ka gaya wa Yaya an cire. Alƙali ya ce a cire, an cire."

Ba zagi, ba kuka, ya kashe waya.

Na je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na tsaya a kansa na roƙi Allah Ya gafarta masa taurin kansa, Ya saka masa da gawarwakin bayin Allah da ya yi wa sutura ba don kowa ba, Ya yalwata masa kabari, Ya haɗa shi da Malam a inda babu rabuwa, Ya kuma sanyaya zuciyar ƙanensa. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ƙara masa da tasa addu'ar. Saƙon mahaifina kuwa ban isar ba. Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara gaya wa Baffa cewa ya samu abin da ya nema.